Mayafin Wuya Mai Kamu Shida

Tun da Yagana ta fita daga gidan, Zainaba ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da aka riga aka share, ta juya itacen turaren da ta shanya, ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta, ta fito. Yagana kuwa ba da wata manufa ta yi maganar ba. Turaren wuta ta zo saya na bikin ƙanwarta, don duk unguwar Mafoni ta Maiduguri an san hannun Zainaba wajen haɗa turare. Tana shinshina kwalabe tana zuba labari kamar yadda ta saba, sai ta ce, "Ya Zainaba, ashe ƙawarki za ta bar gari? Maman Jonathan. Ɗanta ya matsa sai ta koma wurinsa Jos. Asabar ta sama za ta tafi, har ta fara rabar da kaya."

Zainaba ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," kamar wadda aka ba labarin baƙuwa. Amma sai da ta murɗa murfin kwalbar da ke hannunta sau uku kafin ya zauna.

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce ta raba madafar Zainaba da ta Phebe, wadda kowa ke kira Maman Jonathan. Phebe 'yar kudancin Borno ce, malamar firamare, mijinta Manasse kuma akawu ne a wani ofishin gwamnati a GRA. Ta kan katangar nan gishiri ya ƙetara, garwashi ya ƙetara, naman Sallah da shinkafar Kirsimeti suka ƙetara, gulma kuwa ba a magana. 'Ya'yan Zainaba biyar, babu wanda aka yi wa suna ba ya sanye da 'yar hula da safa na saƙar Phebe. Da gari ya rikice aka fara bin mutane har ƙofar gida, Phebe da Manasse suka tattara suka koma unguwar Wulari kusa da cocinsu. Ko a hakan ana ziyara jefi-jefi.

Sai aka harbe Manasse a hanyarsa ta zuwa aiki, a watannin da aka yanke layukan waya. Yaran nan ne, in ji mutanen gari, don ba mai son kama sunansu. Zainaba kuwa ba ta je gaisuwa ba. Maganar ke nan, ba wata ba.

Ranar farko an rufe hanya. Rana ta biyu mijinta Ba'ana ya ce su tafi tare. Ta naɗa lafaya, ta kai bakin layi, tayar wani keke mai ƙafa uku ta fashe, ta zaci harbi ne. Dama ana ta raɗe-raɗin cewa akwai masu lura da wanda ke shiga irin waɗannan gidajen makoki. Ta juya gida. Ba'ana ya tafi shi kaɗai, ya ce wa Phebe matarsa ce ba ta jin daɗi. Zainaba ta ce gobe za ta je. Goben ta zama kwana uku, ta zama bakwai, ta zama arba'in. Tsoron ya lafa, kunya ta gaje shi, ita kuma kunya kullum ƙara nauyi take yi. Da aka dawo da waya, takan buɗe lambar Phebe ta zuba mata ido, sai ta mayar da wayar jaka, don ta san yi wa irin Phebe gaisuwar mutuwa ta waya cin fuska ne. Yanzu wata tara ke nan, ga shi saura kwana goma sha biyu matar ta bar Maiduguri, wataƙila har abada.

Ba'ana na zaune a inuwar dogon yaro yana sauraron rediyo, ya ji duk abin da Yagana ta faɗa. Ya ce, "To, ga keke a bakin layi."

Zainaba ta ce, "Hannu rabbana zan je mata, Malam? Bayan wata tara?"

"Ki kai mata turare."

"Turare na ba kowa. Ko wadda ban sani ba in ta zo da kuɗinta za ta samu."

Ta shiga ɗaki ta janyo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ba don tana neman wani abu ba, don dai hannunta ya sami aikin yi. Can ƙasan tsofaffin zannuwa ta ci karo da tsinkayen saƙa biyu na ƙarfe, dogaye, ɗaure da tsumma. Na Phebe ne. Wata rana da la'asar, shekara shida da suka wuce, Phebe ta zaunar da ita ta ce yau sai ta koya. Ta nuna mata yadda ake jera madaukai a kan tsinke, da yadda ake zura ɗaya tsinken a naɗa zare a janyo. Zainaba ta yi layi huɗu, ta ce wannan aikin masu haƙuri ne, ta tashi duba tukunya. Phebe ta bar mata tsinkayen tana dariya, ta ce, "In kin kai ƙarshe ki ƙwala mini kira ta katanga, in zo in nuna miki yadda ake rufewa."

Zainaba ta tuna dariyar, ta tuna Jos garin sanyi ne, ta tuna Phebe da tarinta na kowace damina. Maganar rufewa ce kawai ba ta tsaya mata a rai ba. Ta fito da tsinkayen ta ce za ta saƙa wa Phebe mayafin wuya da hannunta, ranar da ta gama ta kai mata.

Ba'ana ya rage sautin rediyo ya dube ta. Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Zainaba."

Ta ce, "Ai ba yau ce tafiyar ba."

Washegari ta nufi Kasuwar Litinin. A lokacin zuwa kasuwa ba abin wasa ba ne. Sau biyu aka sauke su daga keke suka wuce shinge a ƙafa, hannuwa a sarari. A ƙofar kasuwa matan da ke cikin 'yan gora, masu sintirin sa-kai, suka lalube ta, suka leƙa jakarta. A ciki ma ba mai tsayawa dogon ciniki. Kowa ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan hanyar fita, in wani ya ajiye buhu ya matsa taku biyar sai ka ga wuri ya buɗe. Ga zafin watan Maris, wanda ke sa kwanon rumfa ya riƙa ƙara shi kaɗai.

Ta bi layin 'yan zare tana tambayar ulu. Wani ya yi mata dariya, wani ya ce sai lokacin sanyi, wani ya nuna mata rumfar da ke kulle ya ce mai ita ya tafi Kano tun bara. Daga ƙarshe aka haɗa ta da Alhaji Mikail, wani dattijo mai sayar da zaren hula da maɓallai, yana zaune yana fifita da murfin kwali.

Ya ce, "Wushe, sannu da zuwa, Hajiya. Ulu? A wannan zafin? Ko haihuwa aka yi?"

Ta ce, "Mai tafiya Jos zan yi wa. Mayafin wuya."

Ya tashi da ƙyar ya janyo wani buhu daga bayan rumfa, ya zazzage ragowar bara a kan tabarma. Akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai wani ruwan hoda mai ɗaukar ido. Can gefe ga kore mai duhu, dunƙule huɗu. Zainaba ta ɗauki ɗaya ta matsa shi a tafin hannu. Phebe tana da wani zane mai irin wannan launin, shi take ɗaurawa in za ta coci.

Alhaji Mikail ya ce, "Guda nawa?"

Nan Zainaba ta yi turus. Ita da ta san awon hawi da na sandal a haɗin turare ido rufe, ba ta san ko zare nawa wuyan mutum ke ci ba. Ta ce, "Biyu ba za su isa ba?"

"Ni dai shawarata ki kwashe huɗun. Ulu in ya ƙare miki a tsakiya, ko kin dawo ba lallai ki sami irinsa ba. Motar kaya ma sai ta ga dama take shigowa."

Tana shirin ba shi amsa sai wani abu ya faɗi can wajen 'yan tukwane, ƙarar ta cika layin. Mata suka fara gudu, wani ya tuntsurar da tiren goro. Ba komai ba ne, tulin farantai ne ya zube, amma kafin a gane hakan Zainaba ta riga ta cusa dunƙule biyu a jaka, ta miƙa kuɗi, ta kama hanyar ƙofa. Tana jin Alhaji Mikail yana kiranta a baya, ba ta waiwaya ba.

A gida ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta fara. Hannu yana da tuni, amma nata tunin ɗan kaɗan ne. Sau biyar tana jera madaukai tana warwarewa kafin ta sami ashirin da suka tsaya. Yatsunta sun saba da taɓarya da ludayin juya sukari a kan wuta, ba su san lallaɓa ba. Ta riƙe tsinkayen kamar mai shirin faɗa da su. Gumi ya jiƙa zaren, ya riƙa manne mata yana ƙin zamewa. Tana yi tana tsaki, tana tashi ta sha ruwa, tana dawowa ta tarar ta manta ta wane gefe ta tsaya.

Kwana uku da farawa ta ƙirga madaukan ta tarar ashirin da shida. Ta rantse ba ta ƙara ko ɗaya ba. Saƙar ta fara da siririn baki tana buɗewa kamar bakin mazurari, ga ramuka nan da can da yatsa zai iya shiga. Ba'ana ya ɗaga gefenta ya leƙo ta ta wani rami, ya ce, "Wannan na kamun kifi ne a Baga?"

"In ba za ka taya ni ba, Malam, kada ka hana ni."

"Ni ban hana ki ba. Na dai san zumunta a ƙafa take, ban taɓa jin an ce a tsinke take ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ai ta ji sarai, shi ya sa ta ja zaren har ya kusa tsinkewa.

Ranar Juma'a da safe harbe-harbe suka tashi can kudancin gari, aka yini ba mai leƙa waje. Zainaba ta koma cikin ɗaki da saƙarta. Duk ƙarar da ta ji sai ta matse zaren, har madaukan suka ƙanƙame tsinke, sai ta sa ƙarfi take zura ɗayan. Tunaninta na Wulari. Ko Phebe ita kaɗai ce a gidan? Wa ke saya mata ruwa? Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta ɗauki tsinke. Abin da ta saƙa a ranar ya fito da tauri kamar tabarmar kaba, faɗin tafin hannu guda.

Ranar Litinin zaren ya zo ƙarshe. Ta auna saƙar da hannu, kamu biyu da rabi, ta naɗa a wuyanta ta ga ya zagaya har da saura. A gaskiya mayafi ya yi. Ta ce alhamdulillahi, ta dubi madaukai talatin da ɗaya da ke jere a kan tsinke, sai a lokacin tambayar ta faɗo mata. Yaya ake raba saƙa da tsinke?

Ta ce bari ta gwada zare shi a hankali. Ta janye tsinken daga madaukai biyar, ta ɗan ja gefen. Nan take suka fara zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana biyu yana warwarewa a gaban idonta. Ta saki salati da ƙarfi har Ba'ana ya fito ba hula. Da ƙyar ta tsinto su ta mayar, ta zauna tana haki. Maganar Phebe ta dawo mata tiryan-tiryan, har da dariyar: in kin kai ƙarshe ki ƙwala mini kira ta katanga. Ta ɗaga kai ta dubi katangar. Wasu baƙi ne yanzu a gidan, 'yan gudun hijira daga Bama, ko sunayensu ba ta gama riƙewa ba.

Mai hankali da a ranar zai hau keke zuwa Wulari. Zainaba keke ta hau, amma Kasuwar Litinin ta koma.

Alhaji Mikail ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Hajiya, ni sayarwa na iya, ban taɓa riƙe tsinke ba. Matan da ke saye a wurina yawancinsu sun bar gari. Amma akwai wata malama a Wulari, Maman Jonathan, duk garin nan ba wanda ya kai ta. Shekara ashirin tana sayen ulu a rumfar nan. In kin je ki ce ni na turo ki."

Zainaba ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina sauran koren nan?"

"Na gaya miki. Wata ta kwashe shekaranjiya."

Ta tsaya tana kallon abin da ya rage a buhun. Ba ta buƙatar ƙarin zare, ta sani. Amma in zare ya ƙare saƙa ta ƙare, in saƙa ta ƙare kuma ba sauran abin da ya rage sai ƙofar Phebe. Ta ce ya ba ta ja guda biyu da ruwan ɗorawa guda.

Haka ta ƙulla ja a jikin kore ta ci gaba. Yanzu hannun ya faɗa, tana yi da sauri, ba ta ko duba abin da take yi. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Masu sayen turare suna sallama tana ce musu su dawo wani mako. Tuwo ya ƙone sau biyu. Mayafin ya sauka daga cinyarta ya kwanta a tabarma, ya wuce tabarmar ya hau ƙasa, har sai da ta riƙa naɗe shi tana dannewa da dutsen niƙa kada kaji su hau. Ja ya ƙare ta ƙulla ruwan ɗorawa. Ba ta jin daɗin saƙar, ba ta kuma iya ajiye ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ba'ana ya tsaya a kanta. Wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya kama bakin mayafin ya auna da hannunsa, kamu shida cif. Ya ce, "Na haɗu da wani ɗan cocin su Maman Jonathan. Gobe motar ƙarfe bakwai na safe za ta shiga, da an buɗe hanyar Damaturu. Ni na yi miki ƙarya sau ɗaya a gidan mutuwa, Zainaba, har yau tana damuna. Ba zan ƙara ba. In kin ga dama ki saƙa shi ya kai Jos da kansa."

Ta buɗe baki za ta ce saura kaɗan, ta dubi abin da ke tule a gabanta, ta rufe. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "In ta ƙi kallona fa?"

"Sai ki dawo kin san kin je."

Ta tashi ta hura garwashi a kasko, ta buɗe kwalbar turaren da ba ta sayarwa, wanda ta haɗa tun auren babbar 'yarta. Ta kifa kwando a kan kaskon, ta naɗe mayafin a kai ya sha hayaƙi, don a gidansu ba a ba mutum tufa ba a turara ba. Sannan ta cusa shi cikin jaka, tsinkayen suna leƙowa ta sama, ta fita.

A shingen da ke kusa da Wulari aka sauke su. Matar da ke lalube mata ta ga ƙarafa biyu masu tsini, ta ja baya ta ce, "Mama, mene ne wannan? Zare su ki miƙo."

Zainaba ta rungume jakar. Ta ce, "Wallahi ba zan zare ba, 'yata. In na zare, aikin kwana goma ya tafi."

Mutanen da ke bayanta suka fara matsawa nesa. Wani mai gora ya taso yana tambayar abin da ke faruwa. Zainaba, wadda fashewar taya ta taɓa mayarwa gida, ta tsuguna a bakin titi, ta riƙa zaro mayafin daga jaka. Ta zaro, ta zaro, kore ya wuce, ja ya wuce, abu ya ƙi ƙarewa. Ta kama tsinkayen ta saƙa madauki huɗu a gabansu don su gani da idonsu. Matar ta fashe da dariya ta ce, "Mama, raƙumin dawa za ki ɗaura wa? Wuce, Allah ya ba da sa'a."

Ƙarfe biyar saura ta isa gidan. Ƙofar a buɗe take. Tsakar gida cike da kwalaye da buhuna ɗaurarru, an sauke labule, an jingine gado a bango. Phebe na sunkuye tana ɗaure wata tabarma da igiya. Ta rame, furfura ta fito mata ta gefen ɗankwali. Da ta ji sallama ta ɗago, ta tsaya da igiyar a hannu.

Duk maganar da Zainaba ta tsara a keke ta gudu. Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da ya kamata ya fito wata tara da suka wuce. Ta durƙusa ta ce, "Maman Jonathan, ya haƙuri?"

Phebe ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Haƙuri da godiya. Kin warke?"

"Ban yi ciwo ba. Tsoro na ji. Na kai bakin layi na koma."

"Na sani. Malam Ba'ana bai iya ƙarya ba, yana faɗa yana kallon takalminsa." Phebe ta ajiye igiyar. Muryarta ba ta tashi ba. "Tsoro ban ga laifinki ba, Ya Zainaba. Ni ma da shi nake kwana. Amma mako guda ina zaune a kan tabarmar nan, duk wadda ta zo zama kusa da ni sai in ce ta matsa, wurin wata ne. Ƙofa na motsi ina ɗaga kai. Matan zumuntar coci har suka fara tambayata wace ce wannan da ake jira. Daga baya na daina ɗagawa. Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Duk waɗanda suka zo sun san Manasse akawu, sun san Manasse dattijon coci. Ke kaɗai kika san shi yana faɗa da ni a kan gishirin miya."

Zainaba ta fashe da kuka. Ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba, ta tura jakar gaban Phebe.

Phebe ta janyo bakin mayafin. Ƙamshin turaren ya tashi ya cika wurin, ta ɗan rufe ido. Ta ci gaba da janyowa, tana bin saƙar da yatsa irin na malamar da ke duba littafin ɗalibi. Ta tsaya a wurin da ya yi tauri ta ce, "Wannan ranar Juma'ar nan ce." Ta wuce kore, ta kai mahaɗar ja, ta auna da hannu. "Ai tun nan ya isa. Wannan sauran duk na mene ne?"

"Ban iya rufewa ba."

"Kuma kin san wadda ta iya."

"Na sani."

Phebe ta dubi tsinkayen, ta gane nata ne. Wata irin dariya ta kuɓuce mata haɗe da hawaye. Ta ce, "Kamu uku da rabi kika saƙa don kada ki zo gidana. Ke dai Allah ya shirye ki." Ta zauna a kan wani kwali, ta nuna wa Zainaba wani. Zainaba ta miƙa mata tsinkayen, ta ture su. "A'a. Ke kika fara, ke za ki rufe. Saƙa biyu. Yawwa. Yanzu ɗaga na farkon ki tsallakar da shi ta kan na biyu, ki sake shi. Sake shi mana, ba zai gudu ba. Saƙa wani."

Abin da ya hana Zainaba barci ashe bai wuce haka ba. Amma madaukan sun kai talatin da bakwai, kowane ɗaya sai Phebe ta ce ta sassauta. Rana ta yi ƙasa. A waje masu keke suna ta matsa ƙaho suna kiran fasinjan ƙarshe, don a lokacin ƙarfe shida keke ke daina yawo, daga nan kowa ya kama gidansa. Phebe ta dubi agogon hannunta. Saura madaukai tara.

Ta ce, "Tashi ki tafi, kada a rufe hanya da ke. Kawo in ƙarasa. Na karɓa, na gode."

Zainaba ta ji ƙahon keke na nisa da layin. Ta san shingen nan, ta san yadda gari ke zama in duhu ya fara. Ta ƙara riƙe tsinkayen. Ta ce, "Ba inda za ni. Zaman makoki na zo."

Ta ciro waya ta kira Ba'ana ta ce sai gobe in ta raka mota. Ta koma kan saƙarta, ta tsallakar da ɗaya, ta tsallakar da wani, har ya rage guda. Phebe ta lalubo almakashi a cikin wani kwali ta yanke zaren, ta nuna mata ta zura bakinsa cikin madaukin ƙarshe ta ja. Tsinken ya fita fayau, ba abin da ya warware.

Phebe ta naɗa mayafin a wuya sau uku, cikin wannan zafin, sauran yana jan ƙasa. Ta sunkuya ta kwance igiyar da ta ɗaure tabarmar da ita, ta shimfiɗa ta a tsakiyar kwalayen. Ta zauna a gefe ɗaya, ta daɓa hannu a wurin da ke kusa da ita. Zainaba ta cire takalmi ta zauna.

Sannan Zainaba ta ce, "Gaya mini yadda aka yi."

Phebe ta goge fuska da bakin mayafin, wajen koren. Ta ce, "Ranar Talata ce. Ya ce in ɗumama masa sauran tuwon jiya, na ce ya makara, ya bari in ya dawo."